Shin Baƙi Ne Daga Wata Duniya?

'Yar'uwa, idan yaronki ya nuna miki bidiyon wani haske a sama, ya ce baƙin halittu ne, kar ki ce masa aljanu ne don kawai ki huta. UFO na nufin abin da ya gifta a sama ba a gane shi ba, shi ke nan. Sau da yawa tauraruwar Zara ce, ko tauraron ɗan'adam. A 2024 ma'aikatar tsaron Amurka ta ce ba ta samu hujjar zuwan baƙi ba.

To akwai rai a can? An gano duniyoyi fiye da 5,000 masu kewaya wasu taurari, amma har yau ba a tabbatar da ko ƙwayar cuta a cikinsu ba.