Shin Dokar Asusun Tanadin Ma'aikata Ta Hau Kan Ƙananan Masana'antun Mubi?

Da yawa daga cikin masu gidajen burodi da injinan matse man gyaɗa da masu buga bulo a Mubi sun ɗauka dokar fansho ta manyan kamfanonin Legas ce kawai. Alhali doka ba ta duban girman inji ko yawan jari. Abin da take ƙirgawa shi ne ma'aikata.

Tun 1961 aka kafa Asusun Tanadi na Ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Dokar soja mai lamba 73 ta 1993 ta maye gurbinsa da hukumar NSITF, wadda ta kama duk kamfanin da ke da ma'aikata 5 ko fiye. Dokar gyaran fansho ta 2004 ta bar adadin yadda yake.

Ruɗanin ya faro ne daga dokar 2014, wadda ake aiki da ita. Sashe na 2 ya wajabta shirin a kan ma'aikatar da ke da mutum 15 ko fiye, sannan ya ba ma'aikatan wuraren da ba su kai mutum 3 ba, da masu sana'ar kansu, damar shiga bisa ƙa'idojin hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom. To, ina makomar mai ma'aikata 3 zuwa 14? Dokar ba ta fayyace ba, kuma a nan ne akasarin masana'antun gari irin Mubi suka faɗa. Ita dai PenCom fassararta ita ce duk mai ma'aikata 3 ko fiye yana ciki. Mai burodin da ya dogara da shirun doka, ya sani da hukumar zai yi jayayya, ba da takarda ba.

Ga lissafin. Ubangida zai zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashin wata, ma'aikaci kuma kashi 8. Idan albashi N70,000 ne, ubangida zai bayar da N7,000, a cire N5,600 daga hannun ma'aikaci. Mai ma'aikata 15 ke nan zai fitar da N105,000 daga aljihunsa kowane wata, ban da inshorar rai ta ma'aikata, wadda ba za ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Dole kuɗin su isa asusu cikin ranakun aiki 7 bayan biyan albashi, in ba haka ba akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata. Mafi hatsari shi ne a cire kason ma'aikaci a juya shi a sayen fulawa ko siminti; wannan cin amana ne, ko da niyyar a mayar ce.

Akwai kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ba ta ware ƙaramar masana'anta ba. A ƙarƙashinta ubangida ke biyan NSITF kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi, domin diyyar wanda inji ya yanke wa yatsa ko tanda ta ƙone.

Mai bulon da ke hangen kwangila a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi kuwa, zai tarar takardar shaidar PenCom tana cikin abubuwan da hukumomin tarayya ke nema kafin su duba farashinsa.