Darasi: Nauyin Hidimar Masallaci A Kan Ƙaramar Jama'a

Darasinmu ya shafi abin da muke gani a ƙananan masallatan Gure da ƙauyukan Muniyo. Mai hali yakan gina masallaci na siminti da kwano, ya sa fanka da lasifika, ya koma Damagaram ko Yamai. Allah Ya saka masa da alheri. Amma takardar kuɗin wuta ta NIGELEC ba ta bin sa can. Liman take samu, da jama'ar da ba ta cika sahu biyu ba, mafi yawansu manoman hatsi da masu kiwo. Ga tabarmi, ga butoci, ga ruwan alwala. Dattawanmu ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan gini da na gyara suka yi tsada.

Sai a shiga yanka wa kowane magidanci kuɗi, ana kiran sunaye bayan sallar Magariba. Nan ɓarna take. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin damina, kunya takan sa ya riƙa salla a gida. Ashe fanka ta kori mai salla ke nan! Mu tuna masallacin Annabi (SAW) a Madina na tubalin ƙasa ne, an rufe shi da ganyen dabino, har ruwan sama ya zubo ya yi sujada cikin taɓo, kamar yadda Abu Sa'id Alkhudri (RA) ya ruwaito. Hidimar masallaci sadaka ce ta ganin dama, ba haraji ba ce.

Wasu sukan ce a ɗebi zakka a biya. A mazhabarmu ta Malikiyya hakan bai halatta ba, domin aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta iyakance ta ga jinsi takwas, babu gini a cikinsu. Liman ko ladan in matalauci ne ana ba shi saboda talaucinsa, ba a matsayin lada ba.

Hanyar da magabata suka bi ita ce hubusi, wato waƙafi. Sayyidina Umar (RA) ya samu gona a Khaibara, Annabi (SAW) ya shawarce shi da ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta. Mai niyyar gini ya haɗa shi da shago guda a kasuwa, ko itacen dabino a kwari. Malikiyya sun sauƙaƙa: hubusin dabba ya inganta, haka na ƙayyadadden lokaci, ko da gona ce ta damina biyu. Sharaɗi dai shi ne abin ya fita daga hannun mai bayarwa zuwa hannun mai kula tun yana raye da lafiyarsa, kuma ya kyautu a rubuta a gaban shaidu biyu saboda magada.