DARASI: ƘORAMUN MADINA DA ASALIN SUNAYENSU

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Yau ina so mu karanta Sira ta wata ƙofar da ba a cika shiga ba, wato ƙofar ƙoramu. Balarabe idan ya ce "wadi", yana nufin kwarin da ruwa ke bi idan an yi sama, da rani kuma sai yashi. Mu ƙorama muke ce masa.

Madina tana zaune ne tsakanin baƙaƙen duwatsu gabas da yamma, waɗanda ake kira Harra. Ƙasarta ta gangara daga kudu zuwa arewa, shi ya sa ruwanta duk arewa yake nufa. Manyan ƙoramunta uku ne.

Na farko Buɗhan. Ta tsakiyar gari yake ratsawa, yamma da Masallacin Annabi (SAW). Sunan daga kalmar "baɗha'u" yake, wato shimfiɗaɗɗen wuri mai tsakuwa. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa lokacin da suka iso Madina gurɓataccen ruwa ne ke gudana a cikinsa, ga zazzaɓi yana kama Muhajirai.

Na biyu Aƙiƙ, a yamma. Asalin kalmar tsagawa ne, domin ambaliya ce ta tsaga ƙasa ta yi wa kanta hanya. Alhajin da ya ɗauki harami a Zul Hulaifa, to a bakin wannan kwarin ya tsaya, kuma ya tabbata a Bukhari cewa kwari ne mai albarka.

Na uku Ƙanat, ma'anarsa magudanar ruwa. Daga gabas yake zuwa, ya bi ta gindin Uhudu, inda aka gwabza yaƙi a shekara ta 3 bayan Hijira. A shekara ta 654 (1256 Miladiyya) wuta ta ɓarke a gabashin Madina, narkakken dutse ya toshe shi, ruwa ya taru a baya ya zama tafki.

Ukun nan suna haɗuwa a Zagaba, arewa da gari.

Sai ƙananan. Ranuna, a cikinsa Annabi (SAW) ya yi sallar Juma'a a unguwar Banu Salim, kan hanyarsa daga Ƙuba. Mahzur da Muzainib kuwa cikin Buɗhan suke zuba.

To ga inda nake so ku tsaya. A kan waɗannan ƙananan biyun aka yanke hukuncin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa: mai gonar sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. Kun ga, na sama yana da haƙƙin fara sha, amma ba shi da ikon hanawa. Daga ƙoramar da yaro zai iya tsallakewa aka fitar da ƙa'idar rabon ruwa.

Mu dawo gida. Kasuwar Kurmi ta Kano ta samo sunanta ne daga kurmin da ke bakin Jakara. Ina kurmin yake yau? Suna kaɗai ya rage. Unguwannin da ake kira Fadama, ko Kwari, ko Rafin kaza, magabata ba don ado suka raɗa musu ba. Gargaɗi ne suka bar mana cewa nan hanyar ruwa ce.

Don haka, ɗan uwa, kafin ka sayi fili ka tambayi dattawan wurin sunansa na da, da dalilin sunan. Wanda kuma ya yi gini a kan magudana, ko yake juye shara cikin kwata, ya sani ruwan nan fa ba fasa tafiya zai yi ba, gidan maƙwabcinsa zai shiga. Idan an hana na sama riƙe ruwa don kada na ƙasa ya cutu, ina ga wanda ya karkatar da ambaliya ɗakin talaka?

Allah Ya ba mu ikon gyarawa. Wallahu a'alam.