Masu jiki da ƙaramin babur: abin da nake gani a gareji

Ni bakaniken babura ne, kuma yawancin aikina a kan roba-roba yake da ƙananan baburan nan masu ƙananan tayoyi, dangin Basfa. Akwai ƙorafi guda da ba ya yankewa daga wajen waɗanda Allah ya hore wa jiki, maza da mata: "Oga, babur ɗin nan dukana yake yi." Wani ya ce kullum da ciwon baya yake komawa gida, wata ta ce duk ramin da ta faɗa sai ta ji ƙwas har tsakiyar kanta. Kafin su iso sun riga sun yanke hukunci: shokozoba ta mutu, a sa sabuwa. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau, ba a dai saita ta daidai da nauyin mai ita ba.

Masu ƙera irin waɗannan babura suna zaɓar sifirin shokozoba ne da lissafin mahayi mai kilo 65 zuwa 75. Ita kuma shokozobar baya ta ƙaramin babur, iyakar lotsawarta daga sama har ƙasa ba ta cika wuce santimita 7 zuwa 9 ba. Mai kilo 70 in ya zauna, zai cinye kamar kashi ɗaya cikin uku na wannan tazara, sauran ya rage wa ramuka. Mai kilo 110 kuwa, tun bai tayar da inji ba ya cinye fiye da rabi. A ɗora yaro a baya ko buhun shinkafa mai kilo 50, to sai abin da ba a rasa ba. Da an taka rami sai shokozoba ta kai ƙarshe ta daki robar da ke tare ta, dukan ya bi ta kujera ya sauka a ƙashin baya. Ƙwas ɗin da matar nan take ji ke nan.

Ƙirar babur ɗin ma tana da nata laifin. Tun Basfar farko da kamfanin Piaggio ya fitar a Italiya a 1946, tsarin shi ne inji ya zauna manne da tayar baya. A yawancin irinsu na yau, inji da taya tare suke tashi tare suke sauka, wato shokozoba tana kokawa da nauyi ta sama da ta ƙasa. Ga taya inci 10 ko 12, wadda ke faɗawa cikin ramin da tayar Boxer mai inci 17 za ta haye bakinsa ta wuce. Baburan lantarki da suka yawaita tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, su ma haka: injinsu yana cikin tayar baya, masu batirin dalma kuma nauyi ne da su tun ba a hau ba. Roba-roba mai manyan tayoyi ya fi su sauƙi, amma shi ma sifirinsa na siririn mutum ne.

Don haka a wajena, kafin a taɓa sifana sai an yi awo. A ɗora babur a kan jak ɗinsa na tsakiya, tayar baya ta rataya. A auna da tef daga notin tayar zuwa wani wuri a jikin babur da ke saitinsa ta sama, a yi wa wurin alama. Sai a sauke, mai babur ya hau ya zauna yadda ya saba, ƙafafunsa a kan matakin, wani ya riƙe masa kan babur, a sake aunawa. Bambancin awo biyun shi ne abin da nauyinsa ya cinye. Abin da ake so, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na dukan lotsawar, wato kamar santimita 2 zuwa 3 a ƙaramin babur. In aka ga 5, an gano ciwon. Aikin minti biyar ne, kuma ba a sayen komai.

Maganin farko shi ma kyauta ne. Shokozoba da yawa suna da wani zobe mai hawa-hawa a gindin sifirin, galibi hawa biyar, kuma daga kamfani a hawa na ɗaya ko na biyu ake barin sa. Na sha ganin babur da ya shekara da shekaru a hannun mutum mai jiki, zoben yana inda aka bar shi ranar da aka kwance kwali. A murɗa shi hawa ɗaya, a sake awo, a ƙara in da buƙata. In shokozoba biyu ce, dole su zauna a hawa guda.

Sai dai akwai abin da har wasu abokan sana'ata ke kuskure a kansa. Murɗa zoben nan ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. Ɗaga bayan babur kawai yake yi, ya maido maka da tazarar da nauyinka ya cinye. Ƙarfin sifirin yana cikin kaurin ƙarfensa da yawan naɗinsa, kuma da shi aka haife shi. In an kai hawa na ƙarshe, awo ya nuna har yanzu babur yana nutsewa fiye da kima, to sifirin ya yi maka laushi, sai a canza. A nan ne dabarun bakin titi ke shigowa, kuma ba na goyon bayan ko ɗaya. Wani ya yanko guntun bututu ya cusa ƙarƙashin sifirin, naɗin ya riƙa haɗewa da juna tun shokozoba ba ta gama lotsawa ba. Wani ya cusa yankin tsohuwar taya tsakanin naɗin. Wani ya ɗauko doguwar shokozobar babban babur ya liƙa, bayan babur ya ɗage, nauyi ya koma gaba, kai ya riƙa rawa, jak ya daina ɗaga taya. Mafi muni shi ne wanda ya kai wa mai walda ya ƙara tsawo. Shokozoba mai mai a ciki, balle mai gas, ba abin kai wa wuta ba ce.

Sifirin ɗaukar nauyi yake yi, man da ke cikin shokozoba kuma shi ke hana shi tsalle. In man ya zube ko ya tsinke, babur zai riƙa rausaya bayan kowane rami kamar kwalekwale a kan kogi. Gwajinsa da sauƙi: danna bayan babur da ƙarfi ka saki. Ya kamata ya taso sau ɗaya ya tsaya. In ya yi ta lilo, ko ka ga maiƙo a jikin sandar ƙurar hunturu ta manne masa, ta gama aiki. Wannan ne dalilin da ya sa ba na son a sa sifirin mai ƙarfi a kan gajiyayyar shokozoba, domin yadda ya fi ƙarfin lotsawa haka ya fi ƙarfin dawowa, sai ya riƙa cilla mutum sama.

In za a saya, a cire tsohuwar a tafi da ita kasuwa. A auna daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido, kada sabuwar ta zarce ta da fiye da santimita guda, a kuma duba gindin, don wata ido gare ta, wata baki biyu. Masu gas sun fi jure zafi da doguwar gargada, kuma kamfanoni irin su YSS na ƙasar Tailan sun yi suna wajen yi wa ƙananan babura. Amma a kula, kasuwa cike take da jabu masu ɗan gwangwanin gas a gefe wanda ado ne kawai, babu komai a ciki. Ta gwanjo kuma, wani ne ya riga ka gajiyar da ita. In biyu ce, a canza su tare.

Gaba ba a cika tuna shi ba sai ya fara zubar da mai. Mai jiki in ya taka birki, gaban yana nutsewa sosai, saboda haka man cikin shokozobar gaba yana buƙatar canji, kuma ana iya sa mai ɗan kauri, 15W a madadin 10W, a auna shi daidai a ɓangarorin biyu. Kada a zuba baƙin mai. A duba boris ɗin wuya da bushin ɗin da ke riƙe inji, don in sun cinye, ko shokozobar zinariya aka sa ƙara ba za ta daina ba.

Taya kuwa, ita ce ta fara karɓar rami kafin kowa. Masu faci da yawa in suka ga mutum mai jiki sai su yi ta bugawa har geji 45 ko 50, wai don ta ɗauke shi. Tayar ta zama dutse, kowace tsakuwa a ji ta, ga santsi ranar ruwa. Wasu kuma da yatsa suke aunawa. Kowane babur yana da nasa awon a ɗan littafinsa ko a takardar da ke manne a jikinsa. Honda Activa, misali, 22 ne a gaba, baya 29 ga mutum ɗaya, 36 in da goyo. Mai jiki ya ɗauki awon masu goyo a tayar baya, a auna da safe kafin ta ɗau zafi. Ku kuma koyi karanta gefen taya. A tayar 3.50-10, in an rubuta 51J, iyakarta kilo 195. Mai 59J tana ɗaukar 243. Girmansu ɗaya a ido, amma ta biyun ce ta mai jiki, tunda mafi yawan nauyi a baya yake sauka.

Kujera aikin masu ɗinki ne, amma ga shawarata: kada a cika ta da soso mai laushi. Zai yi daɗi a shago, bayan minti goma kuma a nutse a zauna a kan robar ƙasa. A sa soso mai tauri a ƙasa, siriri mai laushi a sama, a ɗan faɗaɗa mazaunin, kada kuma ta yi tudun da ƙafa za ta kasa kai ƙasa.

Akwai kuma gaskiyar da nake faɗa wa mutane ko da zan rasa ciniki. Kowane babur yana da iyakar nauyin da aka rubuta masa, a ƙananan nan galibi kilo 150 zuwa 180, kuma lissafin ya haɗa mahayi da goyo da kaya. Alhaji kilo 115, uwargida 70, yaro 20 a tsaye a gaba, an kai 205. Sabuwar shokozoba ba ta ƙara wa firam ƙarfi, ba ta ƙara wa birki kamu, ba ta hana wil lanƙwashewa. Wanda hawansa kullum haka yake, babur mai manyan tayoyi, inci 14 zuwa 17, shi ne daidai da shi, kuma kuɗin gyaran da zai yi ta zubawa gara ya tara su can. Kafin nan, a rage gudu tun ba a kai rami ba, a saki birki dab da shiga, domin birki yana danne gaba ya cinye tazarar da ramin ke buƙata.

'Yan uwana kanikawa, tambayar nauyin mutum ba rashin kunya ba ne in an yi ta cikin ladabi, kuma tef ɗin awo ba shi da tsada. Ku kuma masu babura, in za ku zo gyara ku zo da kanku, kada ku aiko yaro mai kilo 45 a saita babur a kansa. Ku hau, ku ce a auna kuna zaune, sannan a yi maganar abin da za a saya.