Dutse a Tsakar Ɗaki: Nazarin Gidan Albert Frey a Hamadar Kalifoniya

Wannan maƙala ta dubi yadda ginin zamani ke sajewa da hamada, ta hanyar nazarin gidan da mai zanen gine-gine Albert Frey ya gina wa kansa a 1964, a jikin tsaunin San Jasinto da ke saman garin Fam Sifirins a Amurka. Frey ɗan asalin ƙasar Suwizalan ne, ya kuma yi aiki ƙarƙashin Le Corbusier kafin ya ƙaura.

Gidan ƙarami ne, faɗinsa lokacin da aka gina shi kimanin murabba'in mita 74, an yi shi da ƙarfe da gilashi da rufin kwanon alminiyam. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da hamada ta haifa. To ta ina sajewar ta zo?

Amsar tana ga wani ƙaton dutse da Frey ya tarar a filin. Maimakon ya fasa shi ya baje ƙasa, kamar yadda magina suka saba, sai ya ja ginin ya kewaye shi. Dutsen ya ratso bangon gilashi ya shigo ciki, ya zama shi ne shamaki tsakanin makwanci da wurin zama. An yanka gilashin daidai da lanƙwasarsa, har makunnin fitila a jikinsa aka dasa. Rufin ya bi gangaren tsaunin, bakinsa kuma ya zarce bango domin ya tare zafin ranar bazara. Labulayen ma rawaya ne, launin furen wani tsiro na wurin, sai dai wannan ado ne kawai. Dutsen shi ne ginshiƙin tunanin.

Manazarcin gine-ginen Hausawa zai tuna da unguwar Birni a Damagaram, inda gidajen laka ke zaune tsakanin manyan duwatsu. Amma hanyoyin biyu sun sha bamban. Bahaushen magini yana sajewa da muhalli ta kayan gini, domin tubalinsa daga ƙasar wurin yake, kaurin bangonsa kuma ke riƙe sanyin dare. Frey ya saje ta hanyar barin filin yadda ya same shi, ya buɗe ɗakin ga ido.

A nan ne kwaikwayon wannan tsari zai yi wuya a ƙasar Hausa. Gidan da aka gina bisa zaure da katanga domin suturta iyali ba zai karɓi bangon gilashi ba, sai dai a juya gilashin ya fuskanci tsakar gida.