Notin Motar Wasa Ya Cinye, Yaya Za A Kwance Shi?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce batirin motar wasan ɗansa ya ƙare, ga shi kan notin murfin ya cinye, sukundireba sai zamewa take yi.

To Malam, ka dakata da murzawa haka nan, domin ƙarfen waɗannan notina taushi gare shi, kowace zamewa ƙara cinye shi take yi. Yawanci sukundirebar ce ba daidai ba. Ka nemi ƙarama mai lamba PH0 ko PH00 wajen masu gyaran waya. Cire duk batirin da hannu zai kai, ka shimfiɗa robar ɗaure kuɗi a kan notin, ka danna sosai, ka juya hagu a hankali. Robar ce za ta cike gurbin da ya siɗe. In kan ya ɗan fito waje, filaya mai siririn baki ta wadatar. Ban so ka sa wuta ko mai, jikin motar roba ne.

Don Allah ka mayar da sabon noti, kada ka bar murfin haka. Domin ƙaramin batiri mai kamar maɓalli, in yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙoshinsa cikin awa 2.