Yadda Ake Cire Murfin Gefen Babur Ba Tare Da Ya Karye Ba

A kowace kasuwar ƙauye akan ga babura da dama babu murfin gefe. Wasu kuma an ɗaure nasu da tsumma ko da igiyar roba. Yawancin waɗannan murafe ba hatsari ne ya karya su ba. A hannun masu su suka karye, wajen cirewa ko wajen mayarwa.

Murfin gefe shi ne wanda makanikai ke kira saidkoba. Guda biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a ƙarƙashin sirdi. A yawancin ƙananan babura irin su Bajaj Boxer, Jincheng da Honda CG125, bayan murfi ɗaya akwai batir da fiyus da wayoyi. Bayan ɗayan kuma akwai akwatin matatar iska, wadda ke tace ƙura kafin iska ta shiga inji. Idan babu murfi, ruwan sama da laka sukan sami batir da wayoyi, su yi tsatsa. Rannan sai babur ya ƙi tashi, ga buhun masara an riga an ɗaure a baya. Ga kuma ɓarawo, wanda aka sauƙaƙa wa aiki.

Abin da ke riƙe da murfi

Tsofaffin babura da yawa murfin ƙarfe gare su. Na yanzu kuwa na roba ne mai tauri. Ƙarfe yakan lanƙwasa a miƙe shi. Roba mai tauri ba ta lanƙwasa da yawa, karyewa take yi.

Idan aka juya murfi aka dubi cikinsa, za a ga 'yan haƙora biyu ko uku sun fito, kowanne da ɗan kai a ƙarshensa. A jikin babur kuma akwai ramuka. A cikin kowane rami akwai zobe na roba mai taushi. Haƙori yakan shiga cikin zoben, zoben ya riƙe kansa. Ban da wannan, akan sami noti guda ɗaya, galibi a ƙasa. Wasu babura maimakon noti makulli gare su, wanda mabuɗin babur ke buɗewa. Wasu kuma suna da ɗan harshe mai kama da ƙugiya, wanda sai an zame murfin gaba ko baya kafin ya fita.

Waɗannan haƙora su ne wurin rauni. Idan aka ja su kai tsaye suna da ƙarfi. Idan aka karkata su, sai su ɓalle daga gindi.

Cirewa

Da farko a kafe babur a wuri mai daidai, a kashe inji, a bari ya huce. Kada a yi aikin da sanyin safiya lokacin hunturu, domin sanyi yana sa roba ta yi saurin tsagewa. A bari rana ta ɗan ɗaga.

Sai a nemi noti ko makulli. Mai babur ya duba sosai, har ya durƙusa, domin laka takan rufe kan noti. A wasu babura ma sai an ɗaga sirdi kafin a gan shi. A kwance shi da sukundireba wadda bakinta ya yi daidai da shi, ana juyawa hagu. A sa notin da washarsa cikin gwangwani ko aljihu. Notin da ya faɗa cikin yashi ya tafi ke nan.

Daga nan ne mutane ke yin ɓarna. Mutum yakan kama gefe ɗaya ya fizge, kamar mai buɗe ƙofa. Haƙorin kusa ya fita, na nesa ya karye. Abin da ya dace shi ne ya sa yatsunsa a bayan murfi, daidai inda haƙori yake, ya jawo shi zuwa kansa a hankali. Idan ɗaya ya fita, ya matsar da hannu zuwa na biyu. Ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ji murfin ya cije, ya tsaya. Ko dai akwai notin da bai gani ba, ko akwai ƙugiya. Ya gwada zame shi gaba ko baya, ko ya ɗan ɗaga shi sama.

Ba a cusa sukundireba ko wuƙa a ɓanɓare murfi. Idan zobe ya bushe ya riƙe haƙori gam, a ɗiga ruwan sabulu a wurin, a jira kaɗan, a sake ja. Murfin da aka cire a ajiye shi a kan buhu, nesa da ƙafar yara da ta awaki.

Zoben roba

Wannan ɗan zobe shi ne mafi arha a cikin duk kayan, amma shi ne ke jawo yawancin karyewa. Zafin rana da ƙura sukan busar da shi. Idan ya yi tauri, haƙori ba ya fita sai da ƙarfi. Idan ya tsage ko ya faɗi, murfi yakan riƙa kaɗawa a kan hanya mai gargada, har wata rana ya faɗi mai babur bai sani ba. A matsa zoben da yatsa. Idan babu taushi, a sayi sabo wajen masu kayan babur. Kuɗinsa bai kai kusa da na murfi ba.

Makanikai da yawa sukan shafa masa baƙin mai ko giris don ya yi santsi. Wannan kuskure ne, ko da yake ya zama ruwan dare. Mai yakan sa irin wannan roba ta kumbura, ta yi laushi, ta lalace. Ruwan sabulu ya isa.

Mayarwa da kulawa

Wajen mayarwa, ƙugiya ce ke fara shiga idan akwai. Sannan a daidaita kowane haƙori da raminsa, a danna da tafin hannu daidai kansa har a ji ya zauna. Ba a dukan murfi da dunƙule. A tabbata waya ba ta maƙale ba. Noti shi ne na ƙarshe. Da zarar ya kama, a tsaya. Yawan ɗaurewa shi ke tsaga robar da ke kewaye da rami.

Murfi ana wanke shi da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi. Fetur, man burki da ruwan batir suna cin fenti, suna raunana roba. Idan sun zuba a kai, a wanke nan da nan.

Idan tsaga ta fara, a ɗora ƙaramar ƙusa a wuta, a huda ɗan rami daidai inda tsagar ta tsaya, don kada ta ci gaba. Sannan a kankare cikin murfin, a shafa gam mai haɗi biyu, a bar shi ya kwana. Haƙorin da ya ɓalle kada a yar da shi. Masu liƙin roba a gari sukan mayar da shi da wuta. Idan kuwa sai an sayi sabo, mai babur ya tafi da tsohon kasuwa ya gwada haƙori da haƙori, domin murafe sukan yi kama a ido amma ramukansu su bambanta.